Zanen Malam Arzika a Cikin Ordinatar

Tun da kuka fara zuwa shagon nan nake jin kuna faɗa wa juna cewa aikin ba wuya. Wai a ɗauki hoton zane da waya, a danna wuri ɗaya, na'ura ta yi sauran. Ban hana ku faɗi ba. Amma tunda wuta ba ta dawo ba tukuna, ku jawo benci ku zauna, in ba ku labarin yadda na shigo sana'ar nan da mutanen da na koya a hannunsu.

Aikin farko da aka bari na sa hannu a kansa shi ne ƙofar bayan wata babbar mota mai ɗaukar siminti daga Malbaza. Ina saurayi a lokacin, ina bin maigidana Malam Habu mai fenti a tashar manyan motoci ta Konni. Shi direban, shaho yake so a zana masa, ya buɗe fukafukai daga wannan gefe zuwa wancan. Malam Habu ya ja da baya ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ɗauki alli. Kafin direban ya gama shan shayi, shaho ya tsaya a jikin ƙarfe. Buroshinsa ma da kansa yake haɗa su, da gashin wutsiyar saniya da zare da ɗan sanda. Ni aikina in cike cikin fiffike da jan fenti, kada in kuskura in taɓa bakin layi. Ranar da ya fara ba ni buroshin layi, sai ya riƙe gwiwar hannuna ya ce, “Sani, layi daga kahwaɗa shike hitowa, ba daga yatsa ba. In ka hwara shi, kada ka tsaya sai ya kai gida.”

Na yi shekaru masu yawa da buroshi. Allon shagon tela, na mai wanzanci, na masu canjin naira da sefa a bakin iyaka, duk na rubuta. Har Malam Habu ya rasu ina kan aikin. Daga baya sai alluna irin na leda, waɗanda inji ke bugawa, suka fara shigowa daga tsallake. Mai shago ya ba da aiki yau, jibi ya rataya, ga launi kamar a lasa. Masu kirana suka yi ta raguwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani allo da na gani a ƙofar wani mai sayar da taya. Tsawonsa ya kai na ɗaki, amma na matsa har hancina ya kusa taɓa shi, ban ga inda bakin harafi ya yi gargada ba. Na tambayi mai shagon wa ya yi masa. Ya ce wata mata ce mai buro kusa da duwan, wato ofishin kwastan.

Sunanta Malama Rakiya. 'Yar gidan masu motocin haya ce, kakanninta daga wajen Sakkwato suka zo. Ta yi karatu a Yamai, ta dawo ta buɗe buro na buga takardu da fotokofi. A shekaru ba ta wuce ƙanwata ba. Na shiga da fenti a farcena na ce mata ina so in ga yadda ake yi. Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe hoton wani rago a ordinatar, wato kwamfuta, ta yi ta ƙara masa girma har ƙahon ya watse ya koma ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, kamar an baza gero a tabarma.

“Wanga hoto ne, Malam Sani,” in ji ta. “Ƙwayoyi ne anka jera. In ka ja shi, sai su rabu.”

Sai ta buɗe wani ragon, wanda ita ta zana. Ta ƙara masa girma, ta ƙara, har ƙahon kaɗai ya cika gilashin, bakinsa yana nan kamar kaifin reza.

“Wanga kuwa shi aka ce ma bektar. Ba ƙwaya cikinai. Turaku ne ka kahwa, ka ja zare tsakaninsu. Ko goshin babur za ka liƙa shi, ko bangon makarantar lakwal, zaren ɗaya ne.”

Turakun nan su ne abin da nake ce muku ƙulli. Kowane ƙulli yana da hannu biyu, in ka ja hannun sai layin ya lanƙwasa. Iyakar sana'ar ke nan a baki. A hannu kuwa, ni da na yi rabin rayuwata ina jan layi, sai ga shi na kasa riƙe ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, wanda kuke ce wa suri. In na tura shi dama ya zarce, in an ce in danna sau biyu sai in danna ɗaya in huta.

Ƙwai ta fara ba ni. Ta zana ƙwai da baƙin bik, wato biro, a farar takarda, ta sa a sikana, ta ce in bi bakinsa. Na bi shi a hankali, duk inda na ga ya ɗan karkata sai in kafa ƙulli. Da na gama, ƙwan nan ya fito kamar dankali. Ta goge, ta kafa ƙulli huɗu kawai, sama da ƙasa da gefe biyu, ta ja hannayensu, ƙwai ya zauna sumul. Ta ce yawan ƙulli ba ya kawo kyau, kowane ɗaya wuri ne da layi zai iya yin tuntuɓe. Daga ƙwai muka koma buta, na yi makonni a kan hancin buta kaɗai. Kullum in masu fotokofi sun ragu bayan azahar, sai ta tashi daga kujerarta ta ba ni. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. In na ɓata, abin da take cewa shi ne, “Koma baya, na'ura ba ta hushi.” Wata rana ta tsaya a bayana tana kallon yadda na lanƙwasa wuyan butar da ja ɗaya, ta ce wannan kam ba ita ta koya mini ba, daga tasha na zo da shi.

To ku ji kayan aiki, don kada ku ce ban faɗa muku ba. Na farko takarda da fensir. Ka yi zanenka da fensir, ka bi shi da baƙin bik, ka goge fensirin. Ka rufe kowane layi, don in ka bar ƙofa, launi zai tsiyaye ta nan. In ba sikana za ka ɗauka da waya, ka shimfiɗa takardar a inuwa, ka tsaya daidai samanta, in ba haka ba da'ira za ta zo maka a kwance. In zanen ya shiga ordinatar, ka dusashe shi, ka kulle shi a ƙasa, ka shimfiɗa sabon fage a kansa kamar yadda tela ke ɗora yadi mai shara-shara a kan samfuri. Manyan siffofi tukuna, ƙanana daga baya, launi a ƙarshe. Shi kuma maɓallin nan da kuke so, mai bin zane da kansa, ban ce ba shi da amfani ba. Amma ba ya tambaya. Zai bi zanen, ya bi ɗigon shayin da ya zuba a takardar, ya bi inda aka ninke ta, ya ba ka ƙulli kamar tururuwa. In ka kai wa injin yanka sitika irin wannan, wuƙarsa za ta yi ta rawa har ta yaga ledar.

Wani makiyayi mai jin Tamajaq ya taɓa zuwa, yana son alamar da danginsu ke yi wa raƙuma a sa masa a jikin motar da ya saya. Na ba shi takarda ya ƙi. Ya fita ƙofar buro ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana da yatsa: layi ɗaya a tsaye, da wata 'yar ƙugiya a gefe. Na ɗauki hoto. Kafin ya tafi ya nuna ƙugiyar ya ce in kula, hagu take kallo, in ta juya dama ta zama ta wasu mutane daban. Aikin bai wuce ƙulli kaɗan ba, amma daga ranar na koyi tambayar mai zane kafin in gyara masa komai. Masu albasa na wajen Galmi ma haka. Mutum zai kawo maka albasar da ya zana don a buga a buhu, kai ka ga kamar tulu. Kada ka yi saurin zagaye ta. Ka tambaye shi, sai ya ce maka tasu ai mai faɗi ce, kuma da wannan faɗin masu saye ke gane ta.

Da na iya, Malama Rakiya ce ta ce lokaci ya yi da zan buɗe nawa wurin. Ta ba ni tsohuwar ordinatar ɗinta, ta riƙa turo mini masu son zane. Haka muka yi shekaru, ita da bugu, ni da layi.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda aka rufe iyaka, wutar da ke zo mana daga tsallake ta yanke. Wasunku sun isa tunawa. Leda da tawada da sitika duk ta can suke shigowa, suka ɗauke. Mai ya yi tsadar da ba mai kunna janareta don allon shago. Masu kabu-kabu da ke zuwa a yanka musu suna da addu'a a goshin babur suka daina zuwa, su ma ba fasinja. Shagunan irin namu da yawa suka rufe, wasu suka sayar da injinansu. Ni ma na fara tambayar inda zan samu gashin wutsiyar saniya. Malama Rakiya ta aiko a kira ni. Tana da faifan sola a rufin buronta, wanda ba ya iya ɗaukar injin bugu, amma yana cika batir. Ta ce in ɗauko ordinatar ɗina in ajiye a teburinta, mu raba wutar, ita da safe ni da yamma.

“Ko ba aiki, ka riƙa zama kana ja,” in ji ta. “Hannu in ya kwana biyu bai yi ba, mantuwa shikai.”

A cikin wannan zaman ne wani tela daga Illela, ta nan ƙasarmu ba ta tsallake ba, ya shigo, sunansa Laminu, da wani ƙunshi a hammata. Ya kwance a ƙasa. Takardun buhun siminti ne, an yanke su an goge, kowace da zanen wuyan babbar riga: aska biyu, aska takwas, tambari, da wasu da ban taɓa gani ba. Gara ta ci gefen wasu, ruwa ya taɓa wasu. Ya ce na mahaifinsa ne, Malam Arzika, wanda ya yi rayuwarsa yana zana wa maɗinka aikin riga. Yanzu idonsa ya tafi saura kaɗan, hannunsa kuma yana rawa. Shi Laminu bai gaji zane ba, injin surfani ya saya, irin mai karɓar zane daga ordinatar. Yana so a ceci takardun kafin damina ta gaba ta ƙarasa su.

“Sai dai Baba bai yarda ba,” in ji shi. “Ya ce inji ba shi da ido. Ya ce in ba a kai mishi ya gani ba, in maido mishi takardunai, ko gara ta cinye.”

Na fara da tsofaffin, waɗanda ya zana hannunsa na da ƙarfi. Ban taɓa bin layi mai daɗin bi irin nasa ba. Tambarinsa yana nannaɗewa daga tsakiya zuwa waje, tazarar ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, kuma ba da wani abin awo ya yi ba. Wahalar tana ga sababbin, waɗanda ya zana bayan rawar hannu ta kama shi. A nan kowane layi yana da karkata iri biyu, wadda ya nufa da wadda ciwo ya sa. Ni kuma aikina in cire ta biyu in bar ta farko, alhali a takarda kamarsu ɗaya.

Ranar kasuwar Illela na cika batir na shiga mota. Na same shi zaune a zaure a kan buzu, dogon tsoho siriri. Na gaishe shi, na buɗe ordinatar a gabansa. Ya kawo fuskarsa dab da gilashin, ya daɗe, sannan ya koma ya jingina.

“Ɗana, haske kawai nike gani. Ka sha wahalar banza.”

Na dawo Konni na faɗa wa Malama Rakiya. Ta tashi ta buɗe kabad ta fiddo ragowar naɗin sitika mai kauri, shi ke nan abin da ya rage mata, kuma ba wanda ya san ranar da wani zai shigo gari. Ta ce injin yanka ba ya cin wuta sosai, batir zai ja shi. In yanka zanen, in liƙa a kan allon katako mai santsi. Wanda ba ya gani da ido zai gani da yatsa.

Na zaɓi wani zane da Laminu ya ce ba a taɓa ɗinka shi ba, aska biyu da wani reshe da ke zagaye su, ƙirƙirar tsohon ce ta kansa. Na yanka, na ɓare abin da ba a so da tsinin allura, na liƙa, na koma Illela a kasuwa ta gaba. Malam Arzika ya ɗora allon a cinya. Yatsan da ke rawa a iska, da ya sauka a bakin sitikar sai ya natsu. Ya bi aska ta farko har tsini, ya hau ta biyu, ya tsaya.

“Wa ya daidaita su?”

Na ce ni ne, Baba, na ɗauka rawar hannu ce ta sa ɗaya ta fi tsawo.

“A'a. Ba tagwaye ba ne. Riga ba bango ba ce, jikin mutum take hawa. In ya naɗe hannun riga bisa kahwaɗa, wanga gehe shina ɗaguwa. In ba ka ƙara mata tsawo ba, sai ta yi kamar gajera.” Ya ci gaba da bi. Da ya kai reshen, ya ce, “Nan kuwa ka yi daidai. Haka niso shi, hannu ne ya ƙi.”

Laminu yana tsaye a bakin ƙofa yana saurarenmu. Na dawo na gyara. Sitikar da ta rage ba za ta ɗauki kuskure da yawa ba, don haka kafin in sa wuƙa sai da na ɗauki babbar rigata na sa, na naɗe hannun a kafaɗa a gaban madubi, na ga inda take ɗaguwa. Da na kai masa allo na biyu, ya bi shi daga farko har ƙarshe bai tsaya ba, ya sake bi. Sannan ya juya wajen da yake jin motsin ɗansa.

“Laminu, wanga nawa ne. Bar mishi takardun.”

Daga nan kusan kowace kasuwa ina Illela. Da sitika ta ƙare, muka koma kwali, ina bugawa a takarda in an samu wuta, in yanka da reza. Da muka gama da takardunsa na buhun siminti, sai ya ce akwai waɗanda ke kansa, bai taɓa sauke su ba. Sai ya kama yatsana, ya ja shi a kan rairayin zauren, ni kuma in bi sawun da fensir a takarda, in tafi da shi, in dawo masa da kwali ya shafa. Yana yi yana faɗa mini sunan kowane lanƙwasa da irin mutumin da ya dace da shi. Wani na ango ne, wani na dattijo mai zuwa Juma'a. Ban taɓa karɓar darasi irin wannan ba tun bayan Malam Habu. Ana cikin haka aka buɗe iyaka, wuta ta dawo, aiki ya dawo, amma ban fasa zuwa ba.

Ya rasu bayan an cire amfanin gona, Allah ya jiƙansa. Muna tsakiyar wani zane, mun gama gefe ɗaya, ɗayan bai kai ga ja mini yatsa a kansa ba. Bayan an share makoki Laminu ya zo shagon nan, ya zauna a kan bencin da kuke kai. Ya ce in ƙarasa shi. Na ce masa a ordinatar abu ne mai sauƙi, in kwafi gefen da aka gama in juya shi, amma shi da ni mun san abin da mai zanen zai ce. Na ce ni kuma ba zan ƙirƙira masa ba, ba sana'ar gidanmu ba ce.

Ya daɗe yana kallon rabin zanen. Sannan ya ce, “Malam Sani, ba ni fensir.”

Mutumin da bai taɓa zana ko da'ira ba. Ya ɓata takarda ta farko, ya ɓata ta biyu. Ya tafi da sauran Illela, bai dawo ba sai bayan makonni, da takarda ɗaya da gogewa ta kusa huda ta. Layinsa ba shi da kyan na mahaifinsa, amma ya san inda riga ke ɗaguwa, don tun yana ƙarami yake ganin ana gwada ta a jikin mutane. Na zauna da shi, kowace karkata in tambaye shi, wannan ka nufa ko hannu ne, shi kuma ya ba ni amsa. Da muka gama ya kai wa injinsa. Riga ta farko da ta fito ya kawo mini ita, kuma yanzu haka shi ke zana wa maɗinkan Illela sababbin wuya.

Ita ce wannan da ke jikina. Ku matso ku sa yatsa a nan, ku bi a hankali har ƙasa. In kun kai inda hannun uban ya tsaya na ɗan ya ɗauka, ku faɗa mini.